Na yi wa matata alƙawarin firiza, raina kuma yana kan na'urar gem

Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin lafiya ne, shekaruna 29. Shekara biyu ke nan da aka tura ni wani ƙaramin asibitin ƙauye a kan hanyar Dakoro, ni ne majo, wato shugaban asibitin, ni ne kusan komai. Iyalina, mata da yarinya ɗaya, suna Maradi a gidanmu na gado, sai bayan mako biyu nake zuwa in kwana biyu in koma. Da rana aiki ba ya barin mutum ya yi tunani, amma daga isha'i gari ya yi tsit, ba wuta, rezo kuma sai ka hau tudun bayan makaranta. Tun ina yaro nake son gem, musamman ƙwallo, kuɗin tarata duk a gidan gem suke ƙarewa. Yanzu na haɗa jika 400, wato sefa dubu 400, daga adashe da ɗan abin da ake ba mu lokacin rigakafi, ina son in sayi ƙaramar kwamfutar nan ta gem da ake riƙewa a hannu. Wana da ke Faransa zai zo nan da wata biyu, ya ce in faɗi wadda nake so. Raina ya kwanta da Steam Deck. Sai kuma wani abokina ya kawo min ROG Ally ta hannu da ya ɗauko daga Kano, cike da gem, ya ce in ba da jika 280. Matsalar ita ce tun bara na yi wa matata alƙawarin firiza don ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo, ta yi tambaya an ce mata jika 220. Ba ta san kuɗin sun taru ba. Ina tunanin in ce mata kwamfutar aiki ce ta rubuta rahoto, firiza kuma ta jira zagayen adashe na gaba. Wacce ta fi, Malam? Kuma na yi laifi?

Majo, daga Maradi

Wa alaikumus salam, Majo ƙanena. Na taƙaita wasiƙarka, na kuma cire sunan ƙauyen, don a yankin nan majo nawa ne ke da wa a Faransa? Da an karanta an gane ka, uwargida kuma ta ji labarin jika 400 a bakin wata kafin ta ji a bakinka.

Ba ka yi laifi ba don ranka yana son gem. Wanda zai ce maka wasan yara ne, dube shi da kyau: shi ne zai raba dare a fada yana buga karta, a zuba shayi na ɗaya, na biyu, na uku, bai kuwa taɓa kiran wannan wasan yara ba. Kai ba ka da fada. Ka wuni kana awon ciki, kana wanke gyambo, kana rarrashin uwar da ɗanta ke jijjiga da zazzaɓi, dare ya yi ka zauna kai kaɗai da tocila da kukan jakuna. Wanda yake haka in ya nemi abin ɗebe kewa da guminsa, ba mai ɗaga masa yatsa. Amma tambaya biyu ka yi min, kuma ta na'urar, in aka bi ta a hankali, ita da kanta take warware rabin ta gidan. Da ita zan fara.

Ka ce ƙwallo ce abin sonka, ka kuma ce ranka ya kwanta da Steam Deck. To waɗannan biyun ba sa shan inuwa ɗaya, na yi mamaki da ba wanda ya faɗa maka. Steam Deck, wadda kamfanin Valve ya fitar a Fabrairun 2022, ba Windows ke cikinta ba. SteamOS take amfani da shi, wanda aka gina kan Linux, sai wata manhaja mai suna Proton ta zama tafinta tsakaninta da gem ɗin da aka yi don Windows. Tafintan ya iya aikinsa, dubban gem suna tafiya lafiya lau ta hannunsa. Inda yake cijewa shi ne gem masu ɗan sandan ciki, wato manhajar kama masu maguɗi da ke kutsawa har cikin ɓargon Windows. FIFA, wadda ta koma EA Sports FC a 2023, tana cikinsu: tun daga FIFA 23 ba ta buɗewa a SteamOS. Haka Fortnite, haka PUBG na kwamfuta, haka sababbin Call of Duty. GTA V za ka buga labarinsa kai kaɗai, amma ɓangarensa na intanet an rufe wa masu Steam Deck tun Satumban 2024. Ana iya cire SteamOS a sa Windows, kamfanin ma ya tanadi abin da ake buƙata, sai dai wannan kamar ka sayi doki ne don gudunsa sannan ka ɗaura masa amalanke.

Abin haushi, in ba don ƙwallon ba, ita ce ta dace da aikinka fiye da kowace. Ƙarfe biyun dare kana tsakiyar wasa, sai ka ji amalanke ta tsaya a ƙofar asibiti an kawo mai naƙuda. Maɓalli ɗaya za ka danna ta yi barci, ka je ka karɓi haihuwa, ka wanke hannu, ka yi asuba, ka dawo ka sake dannawa ka tarar da wasan daidai inda ka bar shi. Masu Windows ba su da wannan natsuwar, sau da yawa mutum ya sa ta barci cikin jaka ya ɗauko ta da zafi batir ya zube. Samfurin OLED na Nuwamban 2023 batirinsa Wh 50 ne (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), kamfanin ya ce yana kai awa 3 zuwa 12 gwargwadon nauyin gem, tsohon samfurin LCD kuwa Wh 40, awa 2 zuwa 8. Ƙaramin adadin za ka riƙe a ranka, babban na ƙananan gem ne marasa cin wuta. Sai kuɗi. OLED mai giga 512 ta fito a Turai a yuro 569. Tunda sefa a ɗaure take da yuro, kowane ɗaya 656 in an cike, lissafi ya kama jika 373, ba gem ko guda, ba katin ƙarin ma'aji. Farashi yakan motsa, sai Yaya ya duba na ranar. Valve kuma ba ya sayarwa kai tsaye a Afirka, ke nan garantinta tana Faransa kai kana hanyar Dakoro.

Ta abokinka kuwa, ROG Ally ta kamfanin Asus, Windows 11 ce cikakkiya. Za ta buɗe maka FC, ta buɗe Word da Excel, allonta ma ya fi na Steam Deck kaifi. A 2023 ta fito, kala biyu: mai injin Z1 Extreme da mai Z1 zalla, wadda ta fi rauni nesa ba kusa ba, a ido kuwa duk ɗaya suke, farare. Kar ka yarda da baki, a buɗe saitin Windows ka ga sunan injin da idonka. Lagonta batir ne. Wh 40 ne kamar tsohuwar Steam Deck, amma ta fi ta ci: in ka sake mata linzami injin kaɗai yana jan wat 25, ban da allo da fanka. Raba 40 da talatin da wani abu, ka ga awa ɗaya da ƴan mintuna. In ka rage ta zuwa wat 15 za ta ja wajen awa biyu, in batirin sabo ne. Nata ba sabo ba ne. Asus da kansa ya gane haka, shi ya sa Ally X ta 2024 ta zo da Wh 80, sai dai ita a yuro 899 ta fito, ta wuce aljihunmu ni da kai. Akwai kuma ciwon da aka san ta farkon da shi: ramin katin microSD yana dab da inda zafi ke fita, har yakan daina karanta kati, kamfanin ma ya amsa hakan. A Turai da Amurka ke nan, balle Maradi a watan Afrilu.

In za ka saurari tayin nan, ba a cinikin biri a sama. Ka ce ya bar maka ita kwana uku ka tafi da ita ƙauyen, don can za ta zauna ba a shago mai fanka ba. Ka cika ta, ka cire caja, ka buga ƙwallo har ta mutu kana kallon agogo. Ka sa kati ka gani ko ramin na raye. Ka saki ƴan sandunan murzawa biyu ka ga ko ɗan wasa yana tafiya da kansa, in yana yi sun fara lalacewa. Wani mai gyara ya fitar maka da rahoton batir na Windows, yana nuna ƙarfin da aka ƙera shi da shi da abin da ya rage. Cajarta ta asali wat 65 ce, in ta kasuwa aka haɗa mata a rage kuɗi. Sannan “cike da gem” ɗin nan da ya yi maka daɗi a kunne, shi ya fi ba ni tsoro. Gem na kwamfuta ba kamar faifan PlayStation 2 ba ne da muka sani, wanda in yana hannunka naka ne. A ɗaure suke da asusun wanda ya saya. Ranar da mai asusun, wani can da ba ka taɓa gani ba, ya canza kalmar sirri, an rufe maka ƙofa. In kuwa na sata ne da aka fasa, wasunsu da ƙwayar cuta suke zuwa, kai kuma har kana tunanin ajiye rahoton marasa lafiya a ciki. Abokinka ba lallai yana nufin cutarka ba, mai yiwuwa shi ma haka aka sayar masa. Amma in ya ƙi kwana ukun, ka gode masa ku ci gaba da gaisawa. Jika 280 ta isa ta raba abokan da suka yi lakwal tare.

Akwai tambayar da ba ka yi ba: da me za ka yi caji? Batirin waya mai mAh 5000 bai kai Wh 20 ba. Cika Steam Deck OLED sau ɗaya kamar cika waya biyu da rabi ne, kuma cajarta wat 45 ce ta USB-C, ba kowace fawa banki ke iya ciyar da ita ba, sai mai rubutun PD da wat ɗin da ya kai. Mai mAh 20,000 ma sau ɗaya da ɗan kai za ta cika ta. Na san abin da zuciya za ta raya maka: ai akwai sola a asibiti. Majo, wannan solar ta fitilar ɗakin haihuwa ce da firjin rigakafi. Ranar da hadari ya rufe rana kwana biyu a watan Agusta, batir ya yi ƙasa, aka kawo mai zubar jini da dare fitila ta ɗauke, ba za ka yafe wa kanka ba ko da ba kai ne sanadi ba. Mutanen gari kuma in sun taɓa ganin na'urar gem ɗinka a jone a wurin, sun sami labarin da za su ba jikoki. Ka sa faranti naka na kanka da ƙaramin batir cikin lissafi, wannan ma kuɗi ne da ba ka ƙirga ba.

Zafi da ƙura su ma suna da ta cewa. Valve ya ce Steam Deck ta fi aiki daidai a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu 40 muke haurawa a inuwa. Na taɓa tsayawa a kan wani mai gyara kusa da babbar kasuwa yana buɗe irin wannan na'ura. Ya kwance ƴan kusoshin baya, ya ɓamɓare murfin da wani ɗan roba, sai ga fankar, ba ta fi murfin ƙaramin gwangwanin tumatir ba, ta yi futu-futu da jar ƙura har ba a ganin fikafikanta. Ya sa tsohon buroshin haƙori yana sharewa yana tsaki, mai ita kuwa na gefe yana cewa tun hunturu take kuka kamar injin niƙa. Shara ya iya, amma da fankar ce ta mutu, ko allon ya fashe, sai an yi odar kayan daga waje. Duk wadda ka saya mai fanka, kar ka ɗora ta a katifa tana aiki, kar ka buga da tsakar rana a ɗakin kwano, kuma in ka gama ta koma gidanta a zuge.

Data kuwa ba sai na ja ba. FC na kwamfuta yana neman a tanadar masa giga 100 na wuri, GTA V ma wajen haka. Ba za ka sauke wannan a kan tudun bayan makaranta ba. Windows yana son sabunta kansa, manhajar EA tana son ganin intanet lokaci zuwa lokaci kafin ta bar ka ka shiga, kuma ranar da ka fi ƙagara ita ce ranar da za ta nema.

Amma tsaya in tambaye ka. A gidan gem ɗin nan da kuɗin tararka suka ƙare, me ya riƙe ka? Ba kyan ciyawar fili ba ne. Ihu ne. Ka zura wa abokinka ƙwallo a minti na 90 ya yar da hannu ya ce maɓallinsa ne ya maƙale, yara goma a bayanku suna tsalle, mai gida yana cewa lokaci ya cika a ba wasu. Ƙwallo da kwamfuta kai kaɗai, bayan mako uku ta zama tuwo ba miya. Bugawa da mutane ta intanet kuma tana son rezon da ba ka da shi. Shi ya sa na karkata ga abin da ba ka ambata ba: Nintendo Switch ta farko, ba ƙaramar Lite da ba a zare hannayenta ba. Ba kwamfuta ba ce, ba za ta yi maka Excel ba, hoton FC a kanta bai kai na Ally ba, kana gani ka san an rage. Amma kana iya buga wasa da kakar kulob ba intanet, batirinta wajen Wh 16 ne, bai kai na babbar waya ba, samfurin 2019 yana kai awa 4 da rabi zuwa 9, tana barci ta farka a inda ka tsaya. Mafi muhimmanci, hannayenta biyu ana zare su. Ka jingine allon a kan kujera a ƙofar ɗakinka bayan isha'i, ka miƙa wa malamin makarantar nan hannu ɗaya. Ina kyautata zaton shi ma baƙo ne a garin, shi ma ba shi da fada.

Yanzu mu shiga gida. Ka rubuta min kewarka har na ji ta a jikina. Ta uwargida fa? Kwana goma sha biyu cikin sha huɗu ita ma ba ta da kai. Tana gidan gado tsakanin uwar miji da faccaloli, da yarinya a baya, in tana son sabulu ko gudummawar biki sai ta jira ka hau tudu ta same ka, ka aiko ta Nita ko Amana. Firizar nan a wurinta ba kayan ado ba ce. Ka san yadda sana'ar take: da dare a ɗaura ruwa leda-leda a jera, a dafa zoɓo da citta da kanumfari, da la'asar yara su cika zaure da dala biyar da dala goma a hannu, a azumi kuwa kafin magariba an wawashe. Ba wani kuɗi ba ne mai yawa a rana, amma nata ne, a haɓar zanenta, ba sai ta kira kowa ba. Ba kuɗin kashewa ta roƙe ka ba, jari ta roƙa, kai kuma ka ce to. Alƙawari kaya ne, shekara guda kana ɗauke da shi. Sannan ƙanƙara tana da lokacinta. Firizar da ta shigo bayan bazara ta wuce ta rasa kasuwar shekara, gem kuwa duk watan da ka saya daidai ne.

Maganar “kwamfutar aiki” ka binne ta tun yanzu. Ba ta ma yi kama ba: abu mai sanduna biyu da maɓallan A, B, X, Y, duk yaron da ke gidanku yana gani zai faɗi sunanta da kuɗinta kafin ka ajiye jaka. Rubuta rahoton wata a allo mai inci 7 ba madannai kuwa azaba ce, ko wanda bai san kwamfuta ba zai gane. Ni na taɓa yin irinta. Na sayi waya na faɗa wa tawa rabin kuɗin, ta ce Allah ya sa albarka. Bayan wata guda, a wurin wani suna, bakin matar wanda ya raka ni sayen ya suɓuce. Ba ta yi faɗa ba. Shekara cur duk abin da na shigo da shi, ko buhun hatsi ne, sai ta dube ni ta ce: “Nawa ne na gaskiyar?” Kuɗin wayar na manta, tambayar ban manta ba. Ni kuwa kullum a gida nake kwana. Kai da kake can, ba ta ganin komai naka sai abin da ka faɗa mata ta waya. In ta kama ka a kan na'ura, ranar da ka ce ba za ka samu zuwa wannan makon ba saboda rigakafi, me kake so ta ɗauka?

Da ni ne kai, zuwana na gaba, ba ta waya ba, bayan yarinya ta yi barci, sai in ce mata adashe ya fito, jika 400 ne, ga na firiza. Washegari ku je kasuwa tare ta zaɓa da hannunta. Ka haɗa da stabilaiza, ka san halin wutarmu, da kula, da ɗan jarin sukari da leda da zoɓo. Kafin a jona, in mita ɗaya gidan ke amfani da ita, ka zauna da ƴan'uwanka a yanke abin da za a ƙara a kuɗin wuta, kar ƙanƙara ta zama abin gori a tsakar gida kana nesa. Sai ka faɗa mata sauran kai tsaye: dare yana yi min tsawo a can, ina son in sayi abin gem da ragowar. Ka faɗi sunansa, ka faɗi kuɗinsa. Tana iya yin dariya, tana iya ɗaure fuska na yini ɗaya. In ta kawo wata buƙata da ba ka sani ba, bashi ko wani abu na yarinya, ka saurara, don ita ce a gida. Amma mace in ta auna abubuwan da kewa ke kai namiji gare su a garin da ba matarsa, ta san gem ne mai sauƙin cikinsu.

Bayan duk wannan za ka rage da wajen jika 150, kusan yuro 230. Switch ta fito a dalar Amurka 300 a 2017, kuma tun da Switch 2 ta zo a Yunin 2025 mutane da yawa a Turai ke sayar da tsofaffinsu, don haka Yaya ya duba maka ta hannu mai kyau, da FC, da katin microSD, da gidanta. Ka tura masa kuɗin tun kafin ya saya, kar ka bar shi ya cika daga aljihunsa yana shiru, shi ma yana da tsarabar gida gaba ɗaya a kansa. Ya nemi samfurin 2019 mai jan kwali ko OLED in kuɗin sun kai, ya gwada sandunan don sananne ne suna kama tafiya da kansu, ya tabbata mai ita ya cire asusunsa, kuma shagon Nintendo na intanet yana buɗewa a kanta. Ka buɗe asusu da adireshin imel naka ka ba shi, ya sauke komai a intanet ɗinsu na can, don ko a kati ka sayi gem yakan nemi ƙarin saukewa, ya buɗe wasan sau ɗaya ya ga ya tashi, sannan ya kashe intanet ya sake gwadawa. Cajar Faransa tana shiga soket ɗinmu ba sai da adafta ba, wannan riba ce a kan kayan Kano masu ƙafa uku. A jirgi ta zauna a jakar hannu saboda batir, a bas kuma daga Yamai, fiye da kilomita 600, a cinyarsa ba a ƙasan kaya ba.

In kuwa ka ce kai dai kwamfuta kake so, Switch ba ta yi maka ba, ban hana ka ba, amma ka ajiye jika 150 ɗin su jira zagayen adashe na gaba, kar ka karɓi Ally a bashi ka cika. Lokacin in ƙwallo ce har yanzu, mai Windows za ka nema, mai babban batir. In ka gano akwai wasu gem na labari da tafiya da kake so fiye da ita, Steam Deck, kuma Valve yana sayar da waɗanda aka mayar ya gyara da ragi, da garanti irin na sabuwa, Yaya na iya yi maka oda. Kafin nan ka rubuto min gem biyar da kake son bugawa da wat nawa farantinka yake, mu zaɓa tare. Ka gaida uwargida, ka shafa min kan yarinya.